Bisimilla a Layi na Uku

Ni ce 'yar fari a gidanmu, don haka Baba bai taɓa kiran sunana ba. "Ke" yake cewa, ko kuma ya tambayi Inna ina yarinyar nan take, alhali ga ni zaune a gabansa. Haka muka taso muka tarar a Rano. Uba ba ya yabon ɗansa na fari, ba ya shigar masa faɗa, in ma ana zancensa a majalisa sai ya kau da kai kamar ɗan maƙwabta ake nufi. Amma wannan mutumin da ba ya iya furta sunana shi ne ya tsaya kai da fata sai da na tafi Kano na yi karatun kwamfuta.

Wanda bai so ba shi ne Baffa, yayan Baba, babban gidanmu. Tunda kakanmu ya rasu, maganarsa ce magana. Ba mugun mutum ba ne, kada in ɗauki alhakinsa, amma in ya kafe a kan abu sai dai a bar shi. Ra'ayinsa shi ne wannan na'ura tana cinye addinin yaro a hankali, balle 'ya mace. Lokacin ba a jima da dawo da shari'a ba, kowa yana ji da addininsa, ba wanda yake so a nuna gidansu da baki. Da na gama karatu wata ma'aikata a Kano ta ce in zo ta ɗauke ni aiki, Baffa ya ce karatun dai an yi, ya isa haka, in zauna a gida. Na yi kuka, na yi fushi, na ƙi cin abinci, na bi na addabi Inna da mita. Ni dama ba a san ni da haƙuri ba.

Baba kuwa sai ya bi ta bayan fage. Shi da Baffa suna cikin wata ƙungiya ta masu noman rani a wajen Kibiya, masu albasa da tumatir, kuma injin ban-ruwa ɗaya suke karɓa-karɓa. Kullum rigima a kan wa ke da injin yau. Wani ya ce ba a gaya masa ba, wani ya ce ranarsa aka ba wani, har an taɓa zare wa juna lauje. Sai Baba ya ce wa shugaban ƙungiyar, wani Alhaji mai sanyin hali, wai ya ji an ce yaran yanzu suna iya sa kwamfuta ta riƙa aika wa kowa saƙo a waya ran da layi ya zo kansa. Bai ce 'yarsa ba. Alhaji ya gane, ya yi dariya, ya aiko a kira ni. Da maganar ta je kunnen Baffa sai ya ce to, zai zo ya gani da idonsa. In ya ga amfani, bai kuma ga abin ƙi ba, in tafi Kanon. In ya ga akasin haka, kada a ƙara tayar masa da zancen.

Na duƙufa. Aikin ba wani mai wuya ba ne, 'yar manhaja ce a fayil guda: ta duba wa ke da injin gobe, ta haɗa saƙo da Hausa, ta tura ta wani ɗan abu mai layin waya da ake maƙala wa kwamfuta. Na gwada a wayar Inna har ta ce in ƙyale ta haka, ƙarar ta ishe ta.

Sai na ɗan yi bayanin yadda irin wannan rubutu yake, don a gane abin da ya same ni. Umarni ne ake jerawa layi bayan layi, na'ura ta bi. Amma in mutum ya fara layi da alamar tsani, wannan dai da ake dannawa a ƙarshe in za a sa kati a waya, to layin ya zama sharhi, na mutane ne, na'ura tsallake shi take yi. Haka aka koya mana, haka na rubuta a jarrabawa, haka aka ba ni maki. A can saman fayil kuma akwai layi biyu da malaminmu ya ce mu riƙa sawa kullum, su ma da tsani suke farawa. Na farko yana gaya wa na'ura wane tafinta za ta kira ya karanta mata fayil ɗin. Na biyu yana gaya wa tafintan da wane irin haruffa aka yi rubutun. Na san amfaninsu. Abin da ban taɓa tsayawa na tambaya ba shi ne, tunda su ma sharhi ne, ta yaya na'urar take ganinsu.

Ana gobe za mu Kibiya, bayan la'asar, ina zaune a tsakar gida da kwamfutar a cinyata, sai na ji Baba ya tsaya a bayana. Bai taɓa yin haka ba. Ya yi gyaran murya, ya ce wai wucewa zai yi, amma bai wuce ba. Can ya tambaya ina ne farkon abin. Na ja rubutun sama na nuna masa. Baba ba ya karanta boko, ajami yake rubutawa, amma ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, a hankali, bai ga bisimilla ba.

Wanda ya san Baba zai gane. Mutum ne da ko buhun albasa zai sa wa alama sai ya fara da bisimilla a bakinsa, ko takardar aike zai rubuta sai ta hau sama. A jikin rumfar injin ma da gawayi ya rubuta ta. A wurinsa rubutun da ba ta a kansa kamar gida ne ba ƙofa. Kuma na san abin da yake tunani, Baffa yake tunani.

Na ce ai abu ne mai sauƙi. Na sa tsani, na juya madannan zuwa Larabci, na rubuta bisimilla a can ƙololuwa. Ya ce a ƙara salati a ƙarƙashinta, na ƙara. Layukan nan biyu na malaminmu suka sauko ƙasa, suka koma na uku da na huɗu. Fuskar Baba ta saki. Amma da yake mutum ne mai tsoron shiga abin da bai sani ba, sai ya tambaya ko wannan ba zai ɓata wani abu ba.

Dariya na yi. "Haba Baba," na ce, "ni fa na karanta abin nan."

Ya gyaɗa kai ya fita masallaci. Na adana fayil ɗin, kafin in sake gwadawa batir ya mutu, wuta kuwa tun shekaranjiya ba mu gan ta ba. Ban damu ba ko kaɗan. Sharhi ne kawai na ƙara.

Ranar kasuwar Kibiya aka sa, don kowa zai shigo gari. Muka hau a-daidaita-sahu ni da Baba, shi a gaba kusa da direba, ni a baya tsakanin wata mata mai ƙwaryar daddawa da kwandon kaji. Ofishin ƙungiyar ɗaki ne guda a bayan masu hatsi, jikinsa duk fastocin 'yan takara, wani a kan wani. An shimfiɗa tabarmi, an tayar da janareto, kuma Alhaji, don ya kyautata mini, ya aro babban talabijin daga gidan kallon ƙwallo don kowa ya ga abin da nake yi. Da na san abin da talabijin ɗin nan zai ja mini da na ce a mayar musu da kayansu.

Ɗakin ya cika da dattawa. Ni kaɗai ce mace. Na durƙusa na gaishe su, na ja hijabina, na zauna a gefe na haɗa wayoyi. Baffa yana gaba, carbi a hannu. Baba ya zauna can baya wajen ƙofa, yana kallon waje, kamar rakiya ya yi wa wani.

Da fayil ɗin ya bayyana a talabijin, duk tarkacen rubutun nan ba abin da suka iya karantawa sai layi biyu na sama. Sai na ji ɗakin ya ɗauki masha Allah. Wani tsoho ya karanta bisimillar da ƙarfi, aka amsa salatin. Baffa ya juya ya dubi mutane, ya ce to, aƙalla ba ta manta gida ba. Wallahi har wani sanyi na ji a raina. Na ce a zuciyata, Kano ta samu.

Alhaji ya ce kowa ya fito da wayarsa ya riƙe. Na ba da umarni.

Ba waya ko ɗaya da ta yi ƙara. A maimakon haka sai fuskar talabijin ta cika da ƙorafi, layi yana bin layi, na'ura tana cewa ba ta gane wannan ba, ba ta san wancan ba. Na ce musu sabis ne. Ƙarya ce, ni ma na sani, ko kusa da sabis abin bai kai ba. Na sake, haka. Na kira tafintan da kaina na miƙa masa fayil ɗin, shi kuma ya tsaya cak, ya ce ya ci karo da harafin da ba a sanar da shi ba, a layi na ɗaya.  Wani daga baya ya tambaya ko a mayar da wayoyin aljihu.

Layi na ɗaya. Ina ganin haka, a take na gane abin da ban gane ba duk shekarun makaranta. Na'ura ba neman layukan nan biyu take yi ba, wurinsu take dubawa. Ta leƙa farkon fayil, baƙi biyu na farko, in ta ga tsani da alamar motsin rai ta san wa za ta kira, in ba ta gani ba ta yi gaban kanta. Tafinta kuma layi na ɗaya da na biyu kawai yake dubawa don sanin haruffa, in babu, ba ya ƙara leƙawa ƙasa. Kamar ɗan kamasho ne a tasha, abin da ka fara faɗa masa shi ne motar da zai saka ka, ba ya jiran sauran labarinka. Ni kuwa na ture su zuwa na uku da na huɗu, inda suka zama sharhi kamar kowane sharhi.

Gyaran bai fi ƙiftawar ido ba. Amma gyaran shi ne in ɗauke bisimilla daga sama in sauko da ita, a gaban dattawan da suka gama yi mata masha Allah. Na kai hannu zan zare wayar talabijin, in ce ita ce ke kawo matsala. Baffa ya ce in bar ta, ai gani suka zo yi.

Na zauna hannuna a kan madannai, na rasa abin da ke mini daɗi. In na bari, abin bai yi aiki ba, Kano ta tafi. In na gyara, kowa yana kallo. Na saci kallon Baba, har yanzu waje yake kallo, amma na ga yadda ya damƙe gefen tabarma. Sai na runtse ido na yi. Na yanke layi biyun Larabci, na sauko da su, na mayar da na malaminmu sama. Na ba da umarni.

Baffa ya tsayar da jan carbinsa.

"Me kika ɗora a kan sunan Allah?" in ji Baffa.

Na fara bayani. Na ce ba wai an ɗora wani abu ba ne, na'urar ce ba ta duba ko'ina sai farko, na kawo zancen ɗan kamasho, na kawo zancen adireshi a bayan ambulan. Baffa ya saurara har na gama. Sannan ya ce, ba da faɗa ba, wato dai na'ura ce da ba ta aiki sai an sauke sunan Allah ƙasa. Nan halina ya motsa. Na ce ai na'ura ba ta san sama da ƙasa ba, ƙarfe ne, kuma wanda bai san abu ba ya kamata ya tambaya kafin ya yanke hukunci. A gaban mutane na faɗa wa yayan ubana haka. Ina rufe baki na ji kamar in haɗiye harshena.

Kuma a daidai wannan lokacin ne wayoyin suka fara ƙara. Ɗaya, sai wata, sai ɗakin duka ya ɗauka, har da ta aljihun Baffa. Abin da na kwana ina roƙon Allah ya faru ya faru, amma ba wanda ya duba wayarsa. Kowa ya sunkuyar da kai yana jin kunyar abin da ya ji.

Sai Baba ya tashi. Ya ratso mutane daga bakin ƙofa har gaba, ya zo gaban Baffa ya durƙusa, gwiwa biyu a ƙasa, da furfurarsa da komai. Tunda nake ban taɓa ganin gwiwar Baba a ƙasa ba sai a salla.

"Yaya, ni na sa ta," ya ce. "Ta yi aikinta daidai, na zo na tsoma hannu a abin da ban sani ba. Ta gaya mini zai ɓaci, na ƙi ji. Jahilcina ne, ba nata ba. Rashin kunyar da ta yi maka kuma, ni ne ban koya mata da kyau ba. Ka yafe wa 'yata."

Ban gaya masa zai ɓaci ba. Dariya na yi masa. Shi ya sani, ni na sani, kuma na zauna a wurin ban buɗe baki ba, don in na ƙaryata shi na ƙara tozarta shi. Kuma 'yata ya ce. Mutumin da ko a ɗaka ba ya nuna ni tasa ce, ya faɗa a gaban abokan nomansa, yana durƙushe, yana kiran kansa jahili. Na so ƙasa ta tsage in shige. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar nan ba, kuma ba Baffa nake jin kunya ba, ba dattawan ba, shi nake ji.

Baffa ma abin ya yi masa nauyi. Ya kama kafaɗar ƙaninsa ya ce ya tashi, ya tashi don Allah, mutane na kallo. Alhaji ya yi maza ya ciro wayarsa ya ba wani ya karanta, aka ji saƙo ya ce gobe injin na wajen wane. Aka ɗan yi dariyar neman mafita. Wani malami a cikinsu ya ce ai ko wasiƙa sai an rubuta sunan gari a bayanta kafin a kai ga bisimillar da ke ciki, kowa ya kama wannan ya riƙe, don kowa so yake a tashi. Baffa bai dube ni ba. Da zai fita ya ce wa Baba, tunda ya ɗauki nauyin abin a kansa, to ya je ya yi yadda ya ga dama da 'yarsa.

Haka na samu Kano.  A hanyar komawa Rano na yi ta haɗa kalmomin ban haƙuri a raina, in na kai bakina sai su watse. A gidanmu ba a saba 'ya ta zauna da uba su yi irin wannan magana ba, ban san ta inda ake farawa ba. Na gaya wa Inna da daddare ina kuka, ta ce in bar shi, in na tayar da zancen kunya zan ƙara masa.

Manhajar ta yi aiki, an sa ta a kwamfutar ƙungiya, rigimar inji ta ragu. Amma na ji labari a bakin ƙannena cewa a fadama an sa wa Baba suna, in ya doso sai a ce ga injiniya nan. Wasa ne irin na abokai, yana dariya in an faɗa. Ni dai in na ji sai abinci ya fita raina. Kuma tun ranar bai ƙara tsayawa a bayana ba. In ya shigo ya ga na buɗe kwamfuta a tsakar gida, sai ya bi ta jikin bango ya wuce, kamar mai gudun taka shanya.

Ran da zan tafi, na gama haɗa kaya, na nemi jakar kwamfutar ban gan ta ba. Inna ta ce tana zaure wajen Babanku. Na same shi zaune a kan buzunsa, jakar a gabansa, bai buɗe ta ba. Ya ce in buɗe. Na fito da kwamfutar na ɗaga murfin. Sai ya ciro wata 'yar siririyar takarda daga aljihu, ba ta fi faɗin yatsa ba, an yanke ta da reza a tsanake. Bisimilla ce, da rubutun hannunsa, da tawadar da yake dafawa da kansa. Ya riga ya shafa mata ƙaro a baya.

Ya miƙo hannu wajen bakin murfin, can sama da gilashin, inda babu komai sai baƙar roba. Bai manna ba. Ya tsaya da takardar a tsakanin yatsunsa, ya ɗago ya dube ni.

"Nan fa?" ya ce. "Nan ba zai hana ta aiki ba ko?"